Tambaya da Amsa: Yamai na ƙara faɗi, hanyoyinta na tsinkewa

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo kusan duk a kan hanya suke: direban da zagaye ya ishe shi, mai shirin sayen fili a bayan gari, ƴan unguwar da suka haɗa kuɗin laterit, wato jar ƙasar da ake zuba wa hanya. Mun miƙa su ga masu amsa mana tambayoyin gini da tsarin gari, wato masu awon filaye da injiniyoyin hanya da masu tsara birane. Mun taƙaita wasiƙun don wuri ya isa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban taksi ne. A Kalle da Lakurusu da kewayen Babbar Kasuwa, in wata hanya ta toshe sai in karya ta gaba, in ɓulla inda nake so. A sababbin unguwannin bayan gari kuwa, fasinja zai nuna mini gidansa da yatsa, ga shi ina gani, amma sai na sha zagaye kafin in kai ƙofar. Me ya kawo wannan bambanci?
Direban taksi, Banifandu

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam direba. Abin da idonka ya gani a bayan sitiyari shi ne masu tsara birane ke aunawa da alƙalami. Hanyoyin gari ko dai su zama kamar tarun masunci, ko su zama kamar bishiya. A taru, kowane ƙulli zare huɗu ne ke riƙe da shi, in ɗaya ya tsinke sauran na nan. A bishiya kuwa, mai son tashi daga wani reshe zuwa na kusa da shi sai ya sauko gindi tukuna. Tsakiyar Yamai taru ce, gefenta kuma kullum ƙara komawa bishiya yake yi.

Da aka ɗauko babban birni daga Damagaram aka kawo Yamai a 1926, Turawan mulkin mallaka sun keɓe wa kansu Filato, suka bar kwarin Gunti Yena tsakaninsu da ƴan ƙasa, suka yayyanka unguwannin ƴan ƙasa murabba'i-murabba'i. Ba don ƙaunar talaka aka yi wannan tsari ba, amma ya bar layuka miƙaƙƙu masu ratsa juna, waɗanda har yau su ke fid da kai in titi ya cushe. A 1960 mutanen garin wajen 30,000 ne; ƙidayar 2012 ta nuna sun haura miliyan ɗaya. Kusan duk wannan ƙari a kwance aka zaunar da shi, fili bayan fili, a kan gonakin geron ƙauyukan kewaye.

In ka ɗauki taswirar kowane lotisma, wato yankin ƙasar da aka yayyanka filayen gidaje, shi kaɗai, za ka ga layukansa a miƙe, ba laifi. Ɓarnar tana kan iyaka, inda lotisma ya haɗu da maƙwabcinsa. Kowa ya zana nasa a takardarsa, gwargwadon gonar da ya samu, wannan bana, wancan bayan shekara biyar. Sai layin wannan ya zo ya ci karo da katangar bayan gidan wancan. Ko da mita 10 ko 15 kawai suka saɓa, in ba a bar hanya a kan iyakar ba, layukan biyu duk sun mutu a nan. Ga kuma dogayen katangu: bariki, makaranta, masana'anta, rukunin gidaje mai ƙofa ɗaya. In kana tsakiyar katanga mai tsawon mita 500, fasinjanka kuma gidansa na bayanta daidai saitinka, ƙarin mita 500 ne ya hau kanka, zuwa kawai. Wani layin kuma a takarda ya ƙetare korama, a ƙasa kuwa ba a taɓa yi masa kwalbati ba. Sannan akwai unguwannin da aka gina kafin mai awo ya iso, irin su Pays-Bas, inda lungu ke bin yadda aka sayar da ƙasa gutsure-gutsure.

Ba mu kaɗai ba ne. A 2020 wasu masana biyu, Christopher Barrington-Leigh da Adam Millard-Ball, sun fitar da bincike a kan hanyoyin duniya baki ɗaya, inda suka nuna cewa a kashi 90 cikin 100 na ƙasashe 134 mafiya yawan jama'a, haɗuwar hanyoyi ta ragu tun daga 1975. Sai dai a bayan garuruwan Amurka da gangan ake zana lungun da ba ya ɓullewa. Namu galibi a takarda lafiyarsa ƙalau, a ƙasa yake karyewa. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin tun kafin a aza tubali, sayen fili ɗaya ko biyu a kan iyaka ya isa a haɗa layukan unguwa biyu.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Abdu Mumuni. Ina son in kwatanta tsohuwar unguwa da sabuwa ta fuskar haɗuwar hanyoyi, amma ba ni da kayan aiki masu tsada. Ta ina zan fara?
Ɗaliba, Harobanda

Amsa: Ƴarmu, waya da takarda da takalmi mai ƙarko sun ishe ki. Ki zaɓi unguwa biyu ko uku masu shekaru daban-daban, ki zana murabba'i mai mita 500 kowane gefe a kan taswirar OpenStreetMap ko hoton Google Earth. Wannan rubu'in murabba'in kilomita ne, don haka abin da kika ƙirga sai ki ninka sau 4.

Ki fara da mararraba. Alama ɗaya ga mai hannu huɗu, wata ga mai hannu uku, wata kuma ga ƙarshen lungun da ba ya ɓullewa. Kwanar da hanya ta lanƙwasa kawai ba mararraba ba ce. Daga nan ki ƙirga yankunan hanya, wato kowane tsinke tsakanin alama da alama, ki raba adadinsu da jimillar alamomin. Yanki 60 da alama 40 sun ba da 1.5. Unguwar da duk mararrabarta mai hannu huɗu ce tana kusantar 2, wadda ta faɗo ƙasa da 1.4 kuma ta fara gallabar mai tafiya a ƙasa.

Awo na biyu shi ne zagaye, kuma shi ya fi kusa da abin da mutane ke ji a jikinsu. Ki ɗauki tafiye-tafiye goma na gaske, daga gida zuwa makaranta, zuwa famfo, zuwa inda ake shiga ƙananan bas ɗin haya, faba-faba. Ki auna tsawon hanyar da ake bi, ki raba da nisan da ke tsakanin wuraren biyu a miƙe. A unguwa mai layuka masu ratsa juna matsakaicin kan tsaya wajen 1.3. Duk inda kika samu 1.8 ko 2, akwai katanga ko korama ko iyakar lotisma a wurin, ki je ki gani da idonki.

Ga ma'aunin da za ki kwatanta da shi. Hukumar UN-Habitat ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana ba da shawarar a bar wa hanyoyi aƙalla kashi 30 cikin 100 na ƙasar unguwa, da tsawon hanya kilomita 18 ko fiye a kowane murabba'in kilomita. In layuka na ratsa juna kowane mita 100, za ki samu kilomita 20 da mararraba 100. In faɗinsu mita 15 ne sun ci kusan kashi 28 na ƙasar, in mita 10 ne kashi 19 kacal. In aka tsawaita rukunin gidajen ya zama mita 200 a kan 100, mararraba ta koma 50, tsawon hanya kilomita 15.

Yanzu ga inda ɗalibai suka fi zamewa. A hoton sama, sabuwar unguwa cike take da ƴan hanyoyin da babura suka tattake ta cikin filayen da ba a gina ba. Waɗannan ba hanyoyi ba ne, filayen mutane ne, ranar da mai shi ya kewaye abinsa sun ɓace. In kika ƙirga su, unguwar za ta fito da kyau fiye da yadda za ta kasance nan da shekara goma. Ki riƙe taswirar lotisma a hannu, ki ware su daban. Haka kuma hanyar da iyakar murabba'inki ta datse ba lungu ba ce, kada ki sa mata alamar lungu. Babban titi mai shinge a tsakiya yana mai da mararraba mai hannu huɗu ta zama masu hannu uku guda biyu, in dai ba a buɗe shingen a wurin ba. Sannan ki koma a watan Agusta, domin layin da ruwa ke kwana a cikinsa mako guda a toshe yake ko da taswira ta ce a buɗe.

Game da sauyin zamani kuwa, kada ki haɗa garin duka ki fitar da matsakaici ɗaya, tsofaffin unguwanni za su rufe wa sababbi asiri. Ki kasa unguwanni bisa lokacin da aka yanka su, ki yi amfani da tsofaffin hotunan Google Earth ki ga yaushe kowace ta cika. Lambobin layuka da ke jikin katangu, irin su KK na Koira Kano da YN na Yantala, za su taimaka miki wajen tsara rajistarki.

Tambaya: An yi mini tayin fili mai murabba'in mita 400 a kan hanyar Filinge, can bayan gari, da sauƙin kuɗi. Mai sayarwa ya ce babbar hanya za ta bi ta gabansa. Me zan duba kafin in biya?
Hajiya, Bukoki

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya albarka a cikin nema. Maganar baka ba ta shimfiɗa hanya, don haka ki nemi a nuna miki taswirar lotisman da hukuma ta amince da ita, ki je da kanki ofishin filaye na birni a tabbatar miki. Lambar rukuni da lambar fili da ke kan takardar mallakar fili, wato acte de cession, su zo daidai da na taswira, sunan da ke jiki kuma ya zama na mai sayarwa. In filin ya faɗa cikin wurin da aka ware wa makaranta, kasuwa, shuke-shuke ko ita hanyar kanta, ko yana ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ki bar shi kome arharsa.

Sannan ki ɗauki mai awo wanda hukuma ta sani, naki ba na mai sayarwa ba, ya tono miki born huɗu, wato duwatsun iyaka na kusurwoyin filin. Kada a tsaya nan. A ja igiyar awo daga born ɗinki zuwa na filin da ke kallonki a ƙetaren layi. In taswira ta ce mita 15, igiya ta ce 11, wani ya riga ya ci hanya, kuma ba a san ko a gefenki aka matsar da dutsen ba. Ki bi layin da ƙafa, gabas da yamma, har ki ga inda ya faɗa babbar hanya. A kowace kwana ki tambayi mai awo: nan hanya ce a takarda, ko filin wani muke takawa? Filin kirki shi ne mai mafita biyu waɗanda duk suna cikin taswira.

Ruwa ma yana barin shaida ko da rani. Farin yashi mai laushi da ya miƙe a tsakiyar layi, ƙasa mai tsattsagewa, ledoji da kara da suka maƙale a gindin sabara duk ta gefe ɗaya, tabon laka a jikin katangun maƙwabta, dokin ƙofar da aka ɗaga har gwiwa, duk suna gaya miki ta nan ruwa ke bi. In da hali ki jinkirta biya har ki ga wurin washegarin ruwa mai ƙarfi. Masu neman fili a bakin kogi su tuna damanar 2020, lokacin da ruwan kogin Isa ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai, ya ɓalle shingen Lamorde, ya shiga gidaje a Kirkisoye da Karaje da Saga.

Ki yi lissafin nisa kuma. In wurin aiki ko kasuwa na da kilomita 15, zuwa da dawowa sau 26 a wata kilomita 780 ke nan. Babur mai shan lita 2.5 a kilomita 100 zai sha kusan lita 20, mota mai shan lita 10 kuma lita 78, kowane wata, shekara da shekaru, ban da kai yara makaranta. Sau da yawa a nan arhar filin ke zurarewa. In kin saya, ki ce wa magini ya ɗaga daɓen gida santimita 40 zuwa 50 sama da tsakiyar layi. Ranar da aka zo gyaran hanya za a zuba laterit santimita 20, yashi 4, pabe (tubalin simintin da ake shimfiɗa wa hanya) 8, gidan da aka gina daidai da ƙasar yau sai ya wayi gari a cikin rami.

Tambaya: Gada uku gare mu yanzu, ga gadojin sama, amma kullum da safe sai mun tsaya. Shin ƙarin gadar sama ce mafita?
Ma'aikaci, Karaje

Amsa: Malam, an yi aiki kam. Gadar Kennedy ta 1970 ita kaɗai ta ɗauki garin shekara arba'in, sannan ta biyu ta zo a 2011, ta Janar Seyni Kunce a 2021. Gadojin sama na Mali Bero, na shataletalen Martyrs da na Diori Hamani an buɗe su a 2013, 2016 da 2018. Amma gadar sama mararraba ɗaya take warwarewa, motocin da ta saki da gudu a mararraba ta gaba za su taru.

Tushen matsalar shi ne yadda manyan hanyoyin Yamai suka tsaya. Ta Tilaberi, ta Walam, ta Filinge, ta Doso, ta Sayi da ta Torodi duk tsakiyar gari suka nufa, inda ma'aikatu da Babbar Kasuwa da Katako da babban asibiti suke. Wanda zai tashi daga wata unguwar gefe zuwa wata, wanda ba shi da abin yi a tsakiya, dole ya shigo ya ƙara wa cunkoso, don hanyoyin da ke haɗa gefe da gefe kaɗan ne kuma yawancinsu yashi ne. Layi ɗaya na titi mai fitilar ba da hannu da ƙyar yake wuce da mota 800 zuwa 900 a awa. In duk unguwa ta zubo a kansa da ƙarfe bakwai da rabi, ba dabarar da za ta hana tsayuwa.

A ganinmu, kuɗin gadar sama ɗaya in aka zuba shi a shimfiɗa pabe a matsakaitan layuka masu bin gefen manyan tituna, da kwalbatoci a kan koramu, da buɗe layukan da suka mutu a kan iyakar lotisma, mutanen da za su amfana sun fi yawa, har da masu tafiya a ƙasa da ƴan makaranta waɗanda gadar sama ba ta yi musu kome. A kan gadojin kogi kuwa, inda ba yadda za a yi a ƙara layi cikin sauƙi, abin dubawa shi ne mutum nawa ke ƙetarewa, ba mota nawa ba. Bas ɗaya cike da mutane ya fi jerin motoci ashirin masu mutum ɗaiɗai.

Tambaya: Mun haɗa kuɗi a unguwa za mu zuba laterit a layinmu mai tsawon mita 300. Wasu sun fito da baranda da ramin ruwan wanka cikin layin, ga shi kuma ruwa na kwana da damana. Yaya za mu yi kada kuɗin jama'a ya tafi a banza?
Mai unguwa, wajen Talaje

Amsa: Ranka ya daɗe, laterit shi ne na ƙarshe a jerin aikin, ba na farko ba. Ku fara da izinin hukumar da'irarku, domin layi na jama'a ne kuma akwai yiwuwar bututu ko waya a ƙarƙashinsa. Sai mai awo ya fito da iyakar layin gefe biyu bisa taswira, a kafa turaku kowane mita 20, kowa ya gani da idonsa. Yawancin masu baranda in suka ga turke a gaban shaidu, aka kuma ba su wa'adi cikin mutunci, da kansu suke janyewa. Wanda ya ƙi, hukuma ce ke da ikon tilasta shi, ba matasan unguwa ba. Ramin ruwan wanka kuwa a mai da shi cikin gida, don ƙasar da ke jiƙe kullum ba ta ɗaukar nauyin mota.

Daga nan a tambayi inda ruwa zai tafi. Ku dubi yawansa: ruwan sama na milimita 50 a kan fili mai murabba'in mita 400 ya kai mita kubik 20, wato tano 100 mai lita 200. Layinku na da fili kamar 30 gefe biyu, mita kubik 600 ke nan, ban da wanda ya sauka a kan layin kansa. Ƙasa za ta sha wani, amma kwanon rufi da daɓen siminti ba sa shan ko ɗigo. Mai awo ya sa na'urarsa ya gano gangaren. Magudana na bukatar sauka aƙalla milimita 5 a kowace mita don ta kwashe yashinta, wato mita 1.5 a tsawon layinku. In ƙarshen layin ba ya faɗawa wata magudana ko korama, to kun kwashe ruwa ne kun kai wa maƙwabta, don haka a zauna da mutanen layin ƙasa tun kafin a fara haƙa.

Ga lissafin kaya. Faɗin mita 7, kauri santimita 20 bayan dannewa, tsawo 300, ya ba da mita kubik 420. Laterit na raguwa in an danne shi, don haka ku yi odar kusan 540, lodi 45 ke nan in motar na ɗaukar 12. A share yashin sama, a danne ƙasar asali, a zuba kaya hawa biyu, kowane hawa a yayyafa masa ruwa har in an dunƙula shi a hannu ya riƙe ba tare da ya ɗiga ba, sannan injin dannewa ya bi. A yi wa layin doro, santimita 4 a kowace mita, wato tsakiya ta ɗara gefe da santimita 14.

Abin da ke kashe irin wannan aiki sananne ne. A zuba kaya a baje da shebur a bar wa tayoyin mota su danne, ruwan farko ya tafi da shi. A yi hanya shafal ba doro, ruwa ya tsaya a sawun taya ya zama rami. A ɗaga layi sama da ƙofofin mutane, ruwa ya koma ɗakuna. Ko a haƙa magudana a bar ta ta cika da leda. In layinku shi ne ainihin hanyar ruwan unguwa, laterit ba zai zauna ba ko sau nawa aka zuba. Gara ku yi mita 100 na pabe mai kaurin santimita 8 a kan yashi santimita 3 zuwa 5, da bakin siminti gefe biyu, yadda titin da kansa zai ɗauki ruwan, saura ku bari sai baɗi.

Tambaya: Ɓarayi da masu gudu da babur sun dame mu. Za mu iya toshe bakin layinmu ɗaya da ƙofar ƙarfe?
Magidanci, Kubiya

Amsa: Alhaji, Allah ya tsare, amma ba mu ba da wannan shawara ba. Layi ba mallakar masu gidajen da ke bakinsa ba ne, toshe shi ba da izini ba saɓa doka ne. Ababen hawan da kuka kora layin maƙwabta za su koma, su ma su toshe nasu, a wayi gari unguwa duka ta dogara da mafita ɗaya. Motar kashe gobara na bukatar faɗin wajen mita 4 a buɗe, kuma ba ta iya juyawa a ƙarshen lungu. Don rage gudu, ku nemi izinin yin tudun rage gudu mai faɗi, tsayinsa kada ya wuce santimita 10, a shafa masa fenti, a bar wa ruwa hanya a gefensa. Don tsaro kuma fitila mai aiki da hasken rana a kowace mararraba da mai gadi na haɗin gwiwa sun fi ƙofa amfani, tunda layin da mutane ke wucewa ya fi wanda ba kowa wuyar yi wa ɓarna.

Tambaya: Shekaru muna zaune a sabuwar unguwa, ba famfo ba lantarki, sai ƴan ga-ruwa. Rabin filayen kewayenmu ba a gina ba. Me ke hana a kawo mana, kuma me ya kamata a yi don unguwannin gaba kada su sha irin tamu?
Uwargida, wajen Koira Tegi

Amsa: Uwargida, sannu da haƙuri, wannan wahala ce ta gaske kuma mata da yara ta fi faɗa wa. Filayen da ba a gina ba su ne babban dalili. Bututu da waya da mita ake sayen su. In kowane fili na da fuska mita 20, gidaje gefe biyu, kowane gida mita 10 na bututu ya hau kansa. In gida ɗaya cikin huɗu ne aka gina, mita 40 ke nan a kan kowane mai biya. Haka lissafin yake ga kwalta, ga kwasar shara, ga faba-faba da ba zai shiga inda ba zai cika ba. A murabba'in kilomita ɗaya, in aka ba gidaje kashi 55 cikin 100, ana samun fili 1,375 masu mita 400. A ce mutum 7 a kowane gida, 9,625 ke nan in duk an gina, alhali UN-Habitat na ganin sai an kai 15,000 kafin hidimomin unguwa su riƙe kansu. In rabi ne aka gina, ba a kai ko 5,000 ba. Fili ya zama wurin ajiyar kuɗi a Yamai, mutum ya saya ya kewaye ya tafi, gari kuma ya tsallake shi ya ci gaba. Abin da ke hannunku yanzu shi ne ku ƙirga gidajen da ke da mutane layi-layi, ku kai buƙata ɗaya da sunan unguwa, haɗe da taswirar lotisma, ku nuna layin da ya fi cika kuma iyakarsa ke a buɗe, domin ba a kafa turken lantarki ko a binne bututu inda ba a tabbatar da hanya ba.

Game da unguwannin gaba, akwai dabarar da biranen Habasha irin su Hawasa da Adama da Bahir Dar suka gwada: tun ƙasa na gona, a shata manyan hanyoyi masu faɗin mita 30, tsakanin kowace da ƴar'uwarta kilomita ɗaya, a biya masu gona diyya, a kafa born. Ba sai an zuba kwalta ba. Wannan kashi 6 cikin 100 na ƙasar kawai yake ci, kuma ba gidan da zai yi nisan da ya wuce mita 500 da babbar hanya, tafiyar minti shida ko bakwai a ƙasa. Shuka itatuwa a gefen shatin na taimakawa, amma itace kaɗai ba ya tsare ƙasa. Dajin dogon yaro da aka fara shukawa ya kewaye Yamai a tsakiyar shekarun 1960, yau gidaje sun cinye sassa da yawa nasa. Sai an sa shatin a rajistar filaye, ana kuma zagayawa ana dubawa.

Sauran aikin na wurin amincewa da lotisma ne. Kada a sa wa taswira hannu sai an ɗora ta kusa da ta maƙwabtanta an ga kowane layi ya faɗa cikin ɗan'uwansa, rukunin gidaje bai wuce mita 150 ba tare da an ratsa shi ba, an kuma nuna inda ruwan sama zai fita. Masu gonaki da masu unguwanni da ke bakin gari suna iya neman a nuna musu taswirorin biyu tare, kafin a kafa born na farko.